Tiramol a aljihun ɗan malam: laifin gida ne ko na majalisa?

Malam Lawal Ƙofar Sauri:
Salamu alaikum jama'a. Jiya a wurin walimar sauka muka kusa ɓatawa da wani aminina a kan wata magana, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan. Wani yaro ne a layinmu, shekararsa 16. Ubansa ba ya rasa sahun gaba, uwarsa tana koyarwa a Islamiyya. Makon jiya ƙanwarsa za ta yi wanki, ta zazzage aljihun wandonsa na makaranta, sai ga katin tiramol, saura ƙwaya uku a jiki. Aminin nawa ya ce babu ruwan gida, majalisa ce ta ɓata shi. Ni kuwa shekara 22 ina riƙe da alli, kuma abin da na gani shi ne yaro ba ya faɗa wa majalisa haka kawai, akwai abin da ke tura shi. Ɗiyar ƙanwata Rabi tana cikin zauren nan, digiri na biyu take yi a fannin halayyar ɗan Adam, kuma a kan wannan matsalar take son yin bincikenta. Kwanaki ta ba ni labarin wata farfesa a Amurka da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bin wasu iyalai, su ɗin dai, shekara da shekaru. Rabi, fito ki maimaita ma mutane.

Alhaji Mannir:
Malam Lawal ba sai ka sakaya ba, ni ne aminin, kuma ina nan a kan bakana. Annabi Nuhu ma ɗansa ya ƙi shiga jirgi. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, an san wannan tun kafin a haifi Baturiyar taku. Ka yi shekara 15 kana tarbiyya, abokin banza ɗaya ya warware maka ita cikin wata guda.

Maman Sadiq:
Ni dai duk inda na ji an ce "gida" a irin wannan zance na san uwa ake nufi. Ina zaune ina jira in ga inda za a sauke kayan.

Rabi'atu:
Wa alaikumus salam. Kawu ka tona ni. Baba Alhaji ina wuni, a yi mani afuwa in na ja zancen.

Sunanta Laurie Chassin, ta Jami'ar Jihar Arizona. Aiki biyu aka fi saninta da su. Na farko a kan shan sigari, ita da abokan aikinta suka fara shi a 1980 da 'yan makaranta a jihar Indiana, suka yi ta komawa wurinsu har suka girma suka haifi nasu. Na biyun shi ya fi shafar maganarmu. Ta fara shi a 1988 da yara 454, yawancinsu tsakanin shekara 11 da 15. Guda 246 suna da uba ko uwa mai matsalar giya, 208 ba su da, amma an daidaita su a shekaru da ƙarfin gida don kada a ce talauci ne ya raba su. Shekara uku a jere ana zuwa, a tambayi yaro daban, uwa daban, uba daban. Daga baya ana komawa duk bayan shekara biyar, har aka kai ga tambayar 'ya'yan waɗannan yaran.

Dalilin shan wannan wahalar shi ne, in kika je kika tarar da wanda ya riga ya yi nisa, ga faɗa a gida ga ƙwaya, ba za ki taɓa sanin wanne ya riga wanne ba. Faɗan ne ya kai shi ga ƙwaya, ko ƙwayar ce ta kawo faɗan? Sai kin san yaron tun bai fara ba.

Ta tarar 'ya'yan masu sha sun fi faɗawa, wannan kam ba labari ba ne. Abin da ta tsaya a kai shi ne ta ina abin yake bi. Irin wannan gida ya fi yawan tashin hankali, yaro yana yawan zama cikin ƙunci, iyaye ba su cika sanin inda yake ba ko da wa yake, daga nan sai ya lafe cikin abokai masu sha. Ka ga Baba Alhaji, majalisar da kake faɗa tana cikin lissafin, ita ce matakalar ƙarshe. Kawu kuma a ta farko ya tsaya. Kuma da yawa cikin 'ya'yan mashayan ba su zama mashaya ba, wannan ma a riƙe shi.

Injiniya Bashir:
Rabi sannu da ƙoƙari, amma giya kike magana, a Amurka. Can uba zai buɗe kwalba a gaban ɗansa a kan teburin cin abinci. Mu nan wane uba ne yake sha? Yaron da Malam ya kawo ma ubansa ɗan sahun gaba ne. Wannan hular ba ta kanmu ba ce.

Nura Mai Kemis:
Injiniya ka zo ka zauna a bencin shagona daga magariba zuwa isha'i kwana biyu kawai. Kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton nan na BBC, rabin masu zuwa nemansa a wurina yara ne 'yan aike, da kuɗi a ƙulle a bakin hijabi. Ka tambayi yarinya wa ya aiko ki, ta ce Mama. Babu tari a gidan ko na kaza. Ni ban taɓa ajiye shi don wannan ba, amma na san inda suke wucewa in na ce babu.

Tiramol kuma magidanta ne suka fara da shi, masu noma da masu dako da masu buga bulo, wai maganin gajiya. Na asibiti mai miligiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a gari mai 225 ne. Mutum zai jefa a shayi da asuba ɗansa na kallo, kuma in ka ce mashi ɗan ƙwaya sai ya kai ka wurin mai unguwa, don shi a wurinsa magani yake sha.

Sista Hauwa:
In ƙara a kan na Nura. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da sigari. Miliyan 4.6 irin su tiramol ne, miliyan 2.4 maganin tari. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Wanda ya kai shekara 40 ko 50 a cikin wannan lissafin ai uban wani ne ko uwar wani.

Maman Sadiq:
Ga shi nan, an fara saukewa. Nura ka ce Mama ce ta aiko. Ka tambayi mi ya sa Maman take sha? Mace tana ɗaki da yara bakwai, mai gida ya fita tun asuba, kwana biyu yana ɗakin amarya, an bar ta da cefanen da ba ya isa. Ba ina wanke ta ba ne. Amma in za a kirga, a kirga da wanda ya fita.

Rabi'atu:
Anti gaskiyarki, kuma a binciken nata ma yawancin iyayen masu matsalar maza ne. Akwai wani abu daga ɓangaren sigarin da ya dace da maganar Yaya Nura. Sun ga iyayen da ke zama su yi wa yaro magana a kan sigari, maganar tana rage haɗarin ya fara, amma a gidan da iyayen ba sa sha. Inda suke sha, maganar ba ta yi wani tasiri ba. Injiniya, ban ce a kwaso nasu a jibga mana ba. Hanyar binciken ce nake sha'awa, amsar tamu sai mun nemo da kanmu.

Alhaji Mannir:
To duk wannan bai taɓa yaron Malam Lawal ba. Ubansa ko goro ba ya ci.

Abba Daura:
Baba Alhaji bari in sa baki, don ni ba a takarda na karanta ba. Da yawanku kun san ni, ba abin ɓoyewa.

Mahaifina ma ko goro ba ya ci. Mu 19 ne a gidan. Ina aji huɗu na sakandare na bi wani buga bulo lokacin hutu, don in sayi waya. Rana ta uku hannuna duk ya yi kanta, bayana kamar an sa taɓarya, sai ogan ya ɓallo rabin ƙwaya ya jefa mani a kofin shayi ya ce sha ka ga aiki. Ranar na buga abin da ban taɓa bugawa ba, na dawo gida ina jin kamar in rungumi kowa. Wannan jin daɗin shi ya kama ni, ba ƙarfin aikin ba.

Abin da nake so ku gane shi ne, na yi shekara biyu ina sha ba wanda ya sani. Ina shigowa ƙarfe ɗaya na dare, ɗakin samari yana zaure, tuwona yana nan a rufe da faifai a bakin ƙofa. Da safe in na gaida Baba ya ce ka yi salla, in ce na yi, shi ke nan. Wallahi akwai ranar da ya tambaye ni aji nawa nake a gaban baƙo. Ba mugu ba ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Amma a gidan nan in ba ka yi laifi ba babu mai kiran sunanka.

Ranar da aka sani, a gidan kallon ƙwallo na faɗi ina shure-shure, kumfa a baki, aka ce aljanu ne. Wani ma'aikacin asibiti a cikin 'yan kallo ya ce a duba aljihunsa. Bayan sati aka kai ni gidan mari. Wata bakwai. Na shiga ban san komai ba sai tiramol, na fito na san roci, na san sholisho, na san wanda ke sayarwa a garuruwa uku, duk a bakin waɗanda aka ɗaure mu tare. Da dare ba abin da ake yi sai labarin caji, wanda ya fi ɓarna shi ne babba.

Hajiya Indo:
Allah Sarki Abba. Allah ya ƙara shirya mana ku.

Injiniya Bashir:
Amin. Amma kada a yi wa gidajen mari kuɗin goro. Akwai waɗanda suka shiryu a can, na san biyu.

Sista Hauwa:
Injiniya ka manta abin da 'yan sanda suka tarar a 2019? Aka fara da Kaduna a watan Satumba, watan Oktoba aka shiga na Daura da na nan Katsina, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon bulala. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don ba su ga wata ƙofa ba. Mai fama da ciwon barin tiramol yana buƙatar likita a kusa, ba mari ba.

Rabi'atu:
Abin da Yaya Abba ya faɗa na hirar dare, akwai wanda ya yi bincike a kansa, Thomas Dishion, a jihar Oregon. Sun tara yara masu matsala rukuni-rukuni da niyyar gyara, da ƙwararru, babu duka babu sarƙa. Da aka bi su daga baya sai aka ga waɗanda aka tara ɗin sun fi waɗanda ba a tara ba shan sigari da rashin ji. A 1999 shi da wasu suka rubuta cewa wani taimakon cutarwa yake yi. Yaro ya faɗi ɓarnar da ya yi, sauran su yi dariya, dariyar nan ita ce ladan, gobe ya ƙaro. Su da ba su ɗaure kowa ba ke nan.

Alhaji Mannir:
To ai kin dawo kan maganata, abokai. Shi ya sa ni gidana ƙarfe tara ake sa kwaɗo. Wayar kowa ina karɓa in duba. Aljihu ma ina lalubawa in sun shiga wanka. Sa ido, ba shi farfesar taki ta ce ba?

Rabi'atu:
Baba Alhaji a nan ne zancen ya yi daɗi. Shekaru masana suna cewa sa ido, sa ido, amma in ka duba tambayoyin da suke yi, abin da suke aunawa shi ne ko iyaye sun san inda yaro yake. A shekarar 2000 wasu biyu a ƙasar Suwidin, Stattin da Kerr, suka ce to ta yaya iyayen suka sani? Suka tambayi yara 703 'yan shekara 14 da iyayensu. Hanya uku ce: ko ka kafa doka, ko ka yi ta tambaya, ko yaron ya faɗa maka da kansa. Suka tarar mafi yawan abin da iyaye suka sani yaron ne ya kawo masu, kuma wannan ɗin ne ya fi tafiya da ƙarancin ɓarna. Ban ce a cire kwaɗo ba. Amma wanda ake lalube wa aljihu safa yake komawa.

Abba Daura:
Cikin murfin batirin tocila nake sa nawa.

Malam Lawal Ƙofar Sauri:
Alhaji ka ji. Gobe sai a fara kwance tocila.

Hajiya Indo:
Ku bar raha, ni akwai abin da ke damuna a maganar Rabi. 'Yata, kin ce yaro ya faɗa wa iyaye da kansa. A gidan Bahaushe? Ni ɗan farina yau shekararsa 41, ban taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama kusa da ni ya ce Inna ga abin da ke raina ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar. Ubansa kuwa in ya shigo ta ƙofa shi ta baya yake fita.

Amma ba a bar shi haka ba. Akwai kakarsa, uwar mai gidanmu, Allah ya ji ƙanta. Ita yake wa tsiya, ta ce mashi mijin banza, ya ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, a cikin wannan wasan take jin komai. Ranar da ya fara bin wasu yara 'yan sigari a bayan makaranta, ita ta fara sani. Ba ta gaya wa ubansa ba. Ƙanen ubansa ta kira, ya ɗauke shi ya sa shi a shagonsa na ɗinki duk yamma, magana ta mutu. Sai bayan ya yi aure na ji labarin.

Yanzu fa? Kowa ya gina nasa a bayan gari, ya ja katanga ya sa ƙyaure na ƙarfe. Kaka tana cikin gari, sai da salla. Gwaggo sai a waya. Kunyar mun tafi da ita sabon gida, amma waɗanda ke ɗauke mana nauyinta mun baro su a tsohon. To yaron ya faɗa wa wa?

Maman Sadiq:
Hajiya kin gama magana. Ni kaina abin da na kasa gaya wa Innarmu, Gwaggona nake kai wa.

Rabi'atu:
Inna Hajiya, wallahi da zan iya da na sa sunanki a kan takardar. Tambayoyin da na samu duk "mahaifinka" da "mahaifiyarka" suke cewa, don can gida ke nan. Babu kaka, babu kawu, babu kishiyar uwa, babu ɗan riƙo, babu yaron da aka kai almajiranci yana shekara bakwai, babu wanda aka saki uwarsa ya zauna a hannun matar uba. In na fassara su na raba a makarantun Katsina, zan dawo da lambobi masu kyau da ba su auna komai ba. Malamina ya fi son in yi hakan, don wata shida an gama. Ni kuma tambayar da nake so in fara da ita ita ce ta Inna: in abu ya dame ka, wa kake gaya wa, kuma yaushe rabonka da ganinsa?

Injiniya Bashir:
To ke ma shekara 30 za ki yi kina binsu? Wa zai biya? Waccan gwamnatinsu ke ba ta kuɗi. Nan lambar waya ma kafin shekara ta zagayo an canza, gidan haya an tashi, yarinya an yi mata aure an kai ta Funtuwa. Shawarata ki karɓi takardarki ki nemi aiki.

Malam Lawal Ƙofar Sauri:
Injiniya a nan ka yi kuskure. Baturen da ya tashi daga gari shi ke nan ya ɓace. Mu kuwa ka ba ni sunan kakan yaro da unguwarsu, ko Legas ya tafi zan nemo maka shi kafin la'asar. Kuɗi ne matsala, ban musa ba. Ɓacewa kam ba tamu ba ce.

Alhaji Mannir:
Ni tambayata ɗaya. A ce na yarda kin zauna da ɗana, ya gaya maki yana sha. Za ki faɗa mani?

Rabi'atu:
Baba Alhaji, a'a. Sai in ransa na cikin haɗari ko na wani, kuma wannan tun farko zan gaya mashi a gabanka. Zan nuna mashi inda zai samu taimako, zan roƙe shi ya faɗa wa wani babba da ya yarda da shi. Amma in na kawo maka, kafin sati duk yaran unguwa sun ji, kowa zai ce mani ko shayi ba ya sha da yawa. Kuma sunan kowa ba ya shiga takarda, lamba ake sawa, don wasu za su zaci NDLEA ce ta aiko ni.

Alhaji Mannir:
Wato ki san ɗana yana hallaka ki yi shiru, saboda takarda. Wannan ba amana ba ce a wurina.

Abba Daura:
Baba, da wani ya zo a shekara biyun nan ya tambaye ni da sharaɗin Babanmu ba zai ji ba, da na faɗa. Na so in faɗa. Da sharaɗin zai ji kuwa, ko da Alƙur'ani aka haɗa ni rantsuwa zan yi. Bayan gidan mari ma ba a gida na daina ba. Ƙanwar Babanmu ce ta karɓe ni, ta kai ni asibitin ƙwaƙwalwa a Kaduna, muka yi ta zarya. Na koma sha sau biyu. Duk biyun ni na gaya mata da bakina, don na san ba za ta kira taron dangi ba. Yanzu shekara huɗu.

Alhaji Mannir:
Allah ya tsare gaba, Abba. Rabi, ban gamsu ba, kuma kwaɗona yana nan. Malam Lawal, yaron nan na layinku, kakarsa tana raye?

Malam Lawal Ƙofar Sauri:
Tana nan Batagarawa. Ba su gaya mata ba, wai kada hawan jininta ya tashi. Jiya na ji uban yana tambayar kuɗin mota zuwa wani gidan mari.

Hajiya Indo:
Malam turo mani lambar uwar ta gefe. Kada ka ce ni ce zan kira.